Takardar imel mai ado da motsi: tambayoyi da amsoshi ga mai fara koyo

Waɗannan su ne tambayoyin da masu son ƙawata imel suka fi yi, ko don gaisuwar Sallah ne, ko katin ɗaurin aure, ko wasiƙar da shago ke tura wa abokan cinikinsa. Abu guda ya ratsa kusan dukkan amsoshin: kai ne ke tsara takardar, amma manhajar da ke hannun wanda ka tura wa ita ce ke yanke abin da zai gani. Don haka ana gina wasiƙar ta yadda za ta tsaya da ƙafarta ko da motsin bai fito ba.

Mece ce takardar imel mai motsi?

Shafi ne na HTML, wato rubutun da ake gina shafukan intanet da shi, da aka shirya tun kafin a fara rubuta wasiƙa. Yana da launi ko hoton bango, da hoton ado a sama ko a gefen hagu, da wurin rubutu wanda aka riga aka zaɓa masa haruffa da launi, sai kuma ƙasan shafi inda suna da adireshi ke zama. Duk lokacin da ka buɗe sabon saƙo, sai ka tarar da shafin a shimfiɗe, ka rubuta abin da za ka rubuta a kansa. A cikin Outlook za ka same shi da sunan Stationery, a Gmail da Thunderbird kuma aikin yana ƙarƙashin Templates.

Motsin kuwa ba a cikin shafin yake ba. Yana cikin hoton GIF da aka ɗora a kai, wato fayil ɗaya mai ɗauke da hotuna da dama da ke bin juna.

Tsofaffin darussa suna nuna saƙo mai kiɗa, da rubutu mai tafiya, da furanni na zubowa daga sama. Har yanzu ana yin irinsa?

Ya wuce. Wancan aikin zamanin Outlook Express ne, daga Windows 98 zuwa Windows XP. Manhajar tana amfani da injin Internet Explorer wajen nuna saƙo, shi ya sa ake iya cusa umarnin kwamfuta na JavaScript da VBScript a cikin wasiƙa, a sa kiɗan MIDI, a sa bango ya riƙa gungurawa. To, ƙofar da ado ya bi ita ɓarna ta bi. Ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Kak ta yaɗu ta cikin sa hannun da Outlook Express ke liƙawa a ƙasan saƙo, Redlof kuma ta shiga fayil ɗin blank.htm na cikin foldar Stationery, ta mai da shi takardar da kowane saƙo zai fita da ita. Daga nan aka fara toshe ƙofofin. A yau Gmail da Outlook da Yahoo da Apple Mail duk ba sa bari JavaScript ya yi aiki a cikin saƙo.

Manhajojin da aka sani da wannan sana'a ma sun tafi. An daina kula da Windows Live Mail a 2017. Apple ya shigo da takardun ado cikin Mail a 2007, ya cire su a macOS Mojave a 2018. An rufe IncrediMail a watan Maris na 2020. Idan ka ci karo da tsohon fayil mai ƙarewa da .eml ko .imf da ake cewa takardar ado ce, ba zai yi maka abin da ya yi a da ba, kuma bai kamata ka buɗe wanda ba ka san asalinsa ba.

Me ya sa sai GIF? Ai bidiyo ya fi kyau.

Ya fi kyau, amma ba ya isa. Apple Mail na iya kunna bidiyo a cikin saƙo, Gmail da Outlook na Windows ba sa yi. Haka motsin da ake rubutawa da CSS, wato rubutun da ke tsara kamannin shafi: yana aiki a Apple Mail da iPhone, Gmail kuma yana share shi. GIF tsoho ne, kamfanin CompuServe ya fitar da shi a 1987, aka ƙara masa lokacin jira tsakanin hotuna a 1989, kuma tsufan nan ne ƙarfinsa, domin babu manhajar imel da ba ta san shi ba. Wadda ba ta iya motsa shi ba ma za ta nuna hotonsa na farko.

Iyakarsa biyu ce. Kowane firem, wato hoto guda a cikin jerin, ba ya ɗaukar launi fiye da 256, kuma GIF ba ya matse hoto kamar yadda bidiyo ke yi. Zane mai launuka kaɗan yana fita tsaf ba nauyi. Hoton fuska ko na faɗuwar rana kuwa sai ya yi dabbare-dabbare, ya kuma yi nauyi.

Wane kayan aiki nake bukata?

Kwamfuta, da manhajar haɗa GIF, da Notepad don rubuta HTML, da akwatunan imel biyu ko uku na gwaji. GIMP, manhajar gyaran hoto, kyauta ne kuma ya wadatar. Mai Photoshop sai ya yi amfani da Timeline, ya fitar ta Save for Web. PowerPoint na Microsoft 365 yana da Create an Animated GIF a ƙarƙashin File da Export, hanya ce mai sauƙi ga wanda hannunsa ya saba da shi, sai dai fayil ɗin kan fito da nauyi, sai an rage. Ana iya haɗa GIF a waya, amma ajiye samfurin saƙo a Gmail sai a kwamfuta.

Yaya zan haɗa GIF ɗina na farko a GIMP?

Mu ɗauki hoton sama na gaisuwar Sallah: jinjirin wata, da taurari uku masu ƙyalli, da rubutun Barka da Sallah.

1. Buɗe sabon hoto mai faɗin fiksel 600 da tsawon 150 zuwa 200. An saba da faɗin 600 ne saboda yana shiga tagar karatu ta kwamfuta, waya kuma tana rage shi ba tare da rubutu ya ɓace ba.
2. Zana komai a leya ta farko, wato shimfiɗar farko ta hoton: bango, wata, taurari, da rubutun gaba ɗaya. Leyar da ke can ƙasa ita ce firem na farko.
3. Kwafi leyar sau biyar ko bakwai. A kowace, taurarin kaɗai za ka taɓa, ka ƙara wa ɗaya haske, ka rage wa wani. Kada ka motsa bangon ko da fiksel ɗaya.
4. Rubuta lokacin kowace leya a jikin sunanta, a cikin baka, misali 200ms. Wannan ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ke nan. Firem na farko ka ba shi 1500ms don ido ya samu ya karanta rubutun.
5. Duba aikin ta Filters, Animation, Playback.
6. Rage launuka ta Image, Mode, Indexed. Fara da 64. Idan bai lalace ba, gwada 32.
7. Bi Filters, Animation, Optimize for GIF. Wannan yana goge duk abin da bai canza ba tsakanin firem da firem, ya bar taurarin kaɗai. A nan ne nauyi ke faɗuwa sosai, kuma dalilin da ya sa aka ce kada a taɓa bango ke nan.
8. Export As, ka sa wa fayil ɗin suna mai ƙarewa da .gif, ka zaɓi As animation.

Sunan fayil ya zama ƙananan haruffa, babu tazara, babu harafi mai lanƙwasa: barka-da-sallah.gif.

Me ya sa kuke ta nanata maganar firem na farko?

Saboda mutane da yawa shi kaɗai za su gani. Tun daga Outlook 2007, Microsoft ya koma amfani da injin Word wajen nuna saƙo, kuma Outlook 2007, 2010, 2013 da 2016 na Windows ba sa motsa GIF, firem na farko suke kafewa a kai. Ofisoshi da yawa har yanzu irinsu ke kan kwamfutocinsu. A 2019 ne masu biyan kuɗin Office 365 suka samu motsin, shi ma idan GIF mai maimaituwa ne sai ya zagaya sau uku ya tsaya, a jira mai karatu ya danna. Ga kuma wanda ya kashe motsi da kansa a saitin Windows ko na iPhone.

Kuskuren da aka fi yi shi ne GIF ya fara da fili wayam, rubutu ya riƙa bayyana a hankali. A wurin mai tsohon Outlook, abin da zai gani shi ne filin nan wayam. Idan kana son salon bayyana a hankali, sa cikakken hoton a firem na farko, sannan motsin ya biyo baya. Ranar ɗaurin aure, da wuri, da lokaci kuwa, kada su zauna a cikin hoto kaɗai. A rubuta su da haruffa a jikin wasiƙar.

Nawa ne nauyin da ya dace?

Shawararmu: hoton sama kada ya wuce KB 500, saƙon gaba ɗaya kada ya wuce MB 1. Kada iyakar MB 25 ta Gmail ta ruɗe ka, wannan iyakar abin da Gmail zai bari ka tura ce, ba abin da mai karatu zai jure ba. Wanda ya buɗe saƙonka da datar waya a inda sabis ke ɗauke-ɗauke, GIF mai MB 5 zai riƙa zuwa masa guntu-guntu, kafin ya kammala ya rufe. Ka kuma sani cewa hoton da aka cusa cikin saƙo yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya bisa uku, saboda yadda imel ke mai da shi haruffa kafin ya tafi. KB 600 zai koma kusan 800.

Idan ya yi nauyi, bi wannan jerin: rage yawan firem, rage launuka, rage tsawon hoton, sannan ka taƙaita wurin da ke motsi. Firem 6 zuwa 15 sun ishi yawancin aiki. Shafin ezgif yana yin wannan ragin a cikin burauza. Mai iya rubuta umarni kuma ga manhajar gifsicle:

`gifsicle -O3 --colors 64 --lossy=60 asali.gif -o sabo.gif`

Akwai wata iyaka dabam da ba ta shafi hoto ba. Idan rubutun HTML ɗin kansa ya wuce KB 102, Gmail zai datse saƙon, ya bar wa mai karatu wurin dannawa don ganin sauran. Wanda ya tsara takardarsa a Word ya fi faɗawa wannan, don Word yana cika fayil da tarkacen da ba a gani.

Yaya jikin HTML ɗin zai kasance?

Da tebur ake gina shi, kamar shafukan intanet na da, domin shi ne tsarin da injin Word da Gmail suka yarda da shi baki ɗaya. Tebur na waje yana riƙe bango, na ciki mai faɗin 600 yana riƙe hoto da rubutu:

```
<meta charset="utf-8">
<table width="100%" bgcolor="#efe6d2" cellpadding="20" cellspacing="0">
<tr><td align="center">
<table width="600" bgcolor="#ffffff" cellpadding="0" cellspacing="0">
<tr><td><img src="https://example.com/barka-da-sallah.gif"
width="600" alt="Barka da Sallah"
style="display:block;max-width:100%;height:auto"></td></tr>
<tr><td style="padding:24px;font-family:Arial,sans-serif;
font-size:16px;color:#222222">Rubuta saƙonka a nan.</td></tr>
</table></td></tr></table>
```

Lura da abubuwa uku. An rubuta salon haruffa a jikin kowane gurbi, ba a saman fayil ba, don wasu manhajoji suna jefar da abin da ke sama. An sa display:block don kada wani siririn layi fari ya fito a ƙarƙashin hoton. An kuma cika gurbin alt, wanda shi ne zai bayyana idan manhaja ta ƙi sauke hotuna, kuma shi manhajar makafi ke karanta musu.

Zan iya sa bangon ma ya yi motsi?

Za ka iya, amma ba mu ba da shawara ba. Rubutu a kan abin da ke motsi yana gajiyar da ido, Outlook na Windows kuma ba ya nuna hoton bangon tebur sai an ƙara masa wani rubutu na musamman da ake kira VML. Aikin babbar riga a wuya da ƙirji yake zama, ba a zuba shi ko'ina a jiki. Motsi a sama, wurin karatu a tsaye cak.

Idan bango mai zane kake so, yi ƙaramin hoto mara motsi, kamar 100 a 100, ka bi da shi ta Filters, Map, Tile Seamless don kada gaɓoɓinsa su fito idan ya jeru. Ko yaushe ka haɗa shi da launin bgcolor mai kama da shi. In ba haka ba, ranar da hoton ya ƙi fitowa, farin rubutunka zai faɗa kan farin fili.

Yaya zan ɗora ta a manhajata?

A Outlook na asali a Windows: buɗe sabon saƙo, ka tsara shi, ka sa GIF ta Insert da Pictures. Sai File, Save As, ka rubuta %appdata%\Microsoft\Stationery a gurbin adireshi, ka ajiye a matsayin HTML. Don amfani da ita sau ɗaya, bi New Items, E-mail Message Using, More Stationery. Don ta zama ta kullum, bi File, Options, Mail, Stationery and Fonts, Theme. Ka yi tunani kafin ka mai da ita ta kullum, kada takardar neman aiki ko ta ta'aziyya ta fita da taurari suna ƙyalli. Sabon Outlook na Windows da Outlook na burauza ba sa karanta wannan foldar.

A Gmail: shiga Settings, See all settings, Advanced, ka kunna Templates. Buɗe fayil ɗin HTML ɗinka a burauza, danna Ctrl da A, sannan Ctrl da C, ka liƙa a sabon saƙo. Daga ɗigo ukun da ke ƙasa, zaɓi Templates, ka ajiye. Bangon da aka sa a jikin body ba ya biyo kwafi, shi ya sa muka sa namu a tebur.

Thunderbird ya fi su sauƙin kai. A sabon saƙo, Insert, HTML, ka zuba rubutun, sannan File, Save As, Template.

In cusa hoton cikin saƙon, ko in ajiye shi a intanet in sa adireshinsa?

Ga 'yan'uwa da abokai kaɗan, cusa shi. Yana tafiya tare da saƙon, ba ya ɓacewa bayan shekara. Ga jama'a da yawa, ajiye shi a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli a intanet, mai adireshin https, saƙon zai yi sauƙi. Illarsa ita ce manhajoji da dama suna riƙe irin wannan hoton sai mai karatu ya ba da izini, kuma ranar da ka goge shi daga sabar, ya ɓace daga duk saƙonnin da ka taɓa turawa. Adireshin raba fayil na Google Drive ba adireshin hoto ba ne, shafi yake buɗewa, don haka ba zai yi ba. Wani abu kuma: tun 2013 Gmail ke ajiye kwafin hotuna a nasa sabar. Idan ka gyara GIF, canza masa suna, in ba haka ba tsohon zai iya ci gaba da fitowa.

A wurina hoton ya fito, a wurin wanda na tura wa akwati ne fanko.

Duba src, wato gurbin adireshin hoton a cikin HTML ɗin. Idan ya fara da C: ko file:, hoton yana kan kwamfutarka ne kawai, kai kaɗai ke ganinsa.

GIF ɗin ya isa amma ya ƙi motsi, kuma ba tsohon Outlook ba ne.

Galibi kwafi da liƙawa ne sanadi. Idan ka danna dama a kan GIF ka kwafe hoton, sau da yawa firem ɗaya ake ɗauka. Ajiye fayil ɗin, ka shigar da shi ta maɓallin sa hoto. Haka idan ka yanke shi ko ka yi masa inuwa a cikin Outlook, ana iya mai da shi hoto mara motsi. Duk gyara a gama shi a GIMP. GIF ɗin da aka turo ta WhatsApp ma ba GIF ba ne, bidiyon MP4 ne, sai an sake juya shi.

Idan kuwa wanda ka tura wa ya ga wani fayil mai suna winmail.dat a madadin ado, saƙon ya fita a tsarin Rich Text na Outlook. Koma Format Text ka zaɓi HTML.

Abin da ke motsi yana barin sawu a bayansa, gefensa kuma yana da farin zobe.

Matsaloli biyu ne. Sawun yana faruwa idan firem yana da wurin da ake gani ta cikinsa, aka kuma ce sabo ya hau kan tsoho. A tagar fitarwa ta GIMP, canza zaɓin daga combine zuwa replace. Amma idan ka riga ka bi ta Optimize, bar shi a combine, don a lokacin firem ɗin guntaye ne da suka dogara da na ƙasa.

Zoben kuma daga GIF yake: fiksel ko dai a gan shi sarai ko kada a gan shi sam, babu tsaka-tsaki. Gefen zane da aka lallausa a kan fari zai tafi da farin. Maganinsa shi ne ka zana hoton a kan ainihin launin da zai zauna a kai. Wannan zoben ya fi tona asiri a wayar da aka sa wa baƙin fuska na dare, inda manhaja ke juya farin fili ya koma baƙi amma ta bar hoto yadda yake.

Na sa gudu sosai amma yana tafiya a hankali.

GIF yana ƙirga lokaci da ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Idan ka sa 0 ko 10ms, yawancin burauzoji suna mai da shi 100ms. Kada ka sauka ƙasa da 20ms, kuma a aikin imel 80 zuwa 200 ya fi dacewa.

A nan akwai maganar lafiya. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da intanet, sun hana abin da ke walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, saboda yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa. Sun kuma nemi a ba mutum hanyar tsayar da motsin da ya wuce daƙiƙa biyar. Tunda GIF ba shi da maɓallin tsayawa a yawancin manhajoji, sa shi ya zagaya sau biyu ko uku ya tsaya. GIMP 2.10 ko dai sau ɗaya ko har abada yake bayarwa, amma gifsicle yana da --loopcount. GIF yana tsayawa a firem na ƙarshe, don haka shi ma ya zama cikakke kamar na farko.

Haruffan ɓ, ɗ, ƙ suna komawa alamar tambaya ko ƙananan akwatuna.

Alamar tambaya ko wasu baƙin haruffa na nufin ba a ajiye fayil ɗin da UTF-8 ba. A Notepad, Save As, ka zaɓi UTF-8 a gurbin Encoding, ka tabbata layin charset yana sama. Idan ya ci gaba, rubuta su da lamba: &#595; don ɓ, &#599; don ɗ, &#409; don ƙ, &#436; don ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Akwati kuwa na nufin nau'in haruffan da ka zaɓa ba shi da su. Haruffan ado masu lauje-lauje sun fi wannan laifi. Arial, Tahoma da Times New Roman suna da su. Idan za ka sa layin Larabci ko Ajami, ba shi gurbinsa dabam mai dir="rtl".

Saƙona yana faɗawa akwatin sifam (Spam).

Saƙon da hoto ne zalla babu rubutu yana jawo zargi, haka gajerun adireshi da aka matse, da mutane ɗari a layin To. Sa rubutu na gaske, ka yi amfani da Bcc don kada ka raba adireshin jama'a. Gmail na kyauta yana tsayar da kai a mutum 500 a rana. Shagon da ya wuce haka ya koma manhajar tura wasiƙun kasuwanci, wadda ke da wurin da mutum zai cire sunansa.

Zan iya ɗaukar kowane GIF da na gani a intanet?

Kasancewarsa a fili ba izini ba ne. Don kasuwanci, yi naka, ko ka ɗauki wanda lasisinsa ya halatta a rubuce. Hoton amarya ko na yara kuma sai da yardar masu shi, don imel ana tura shi gaba.

Wane gwaji zan yi kafin in tura?

Tura wa kanka a Gmail, da Outlook, da Yahoo idan kana da shi. Buɗe a kwamfuta da waya, da rana da kuma baƙin fuska. Kashe sauke hotuna ka ga ko wasiƙar tana karantuwa. Buɗe ta da datar waya, ba da waya-fai ba, ka ga daƙiƙa nawa hoton ke ɗauka. Sannan ka danna Reply da Forward, domin a nan tebur ke yawan wargajewa, kuma a nan za ka gane ko amsar da za a ba ka za ta hau kan launin da ba a iya karanta ta. Idan kana da wani mai tsohon Outlook a ofis, tura masa ya ɗauko maka hoton allonsa.